Kuɗin Ruwan da Inna Ta Ce Ina Ci

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin ruwa, har yau ban samu kalma ɗaya ta Hausa da zan faɗa wa mutum ya gane sana'ata ba. In na ce ni masanin ruwa ne, sai a ce madalla, famfon gidanmu yana yoyo. In na ce ba gyaran famfo nake yi ba, ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa nake aunawa, sai a kalle ni sama da ƙasa a ce, "Ka auna ka kai wa wa?" Akwai wani dattijo a masallacin layinmu da ya ɗauka ni irin masu duban nan ne da ake kira in za a haƙa rijiya. Ban taɓa gyara masa ba, don a duk unguwar shi kaɗai yake gaishe ni da ɗan tsoro-tsoro.

Aikin kuwa ba wani abin ɓoyo ba ne. A ma'aikatar gwamnati nake. Muna da sandunan awo da aka kafa a bakin koguna da madatsun ruwa, muna da rijiyoyin da muke zura wa igiyar awo mu ga ina ruwa ya tsaya bana, ina ya tsaya bara. Mu rubuta, mu lissafa, mu faɗa wa manya ga inda ambaliya za ta ci in damina ta yi nauyi, ga inda bohol ya yi yawa har ƙasa ta fara hanawa. Su karɓi rahoton su ce an gode. Ina son aikin, kada a ji ina mita a zaci ba na sonsa. Ranar da ba na so ita ce ranar da saƙon albashi yake shigowa waya, don saƙon yakan fi kuɗin daɗewa a wurina.

A Rijiyar Lemo muke haya, ciki biyu da falo, ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Gidan na wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Shi da iyalinsa suna babban sashe, mu muna ƙaramin da ke kallon layi. Unguwa dai da rijiya a sunanta, amma famfon tsakar gidanmu rabon da ya ɗiga tun kafin a yaye babbar 'yata. Saboda haka ni, mai digiri biyu a kan ruwa, kullum da safe ina tsaye a ƙofar gida da silifas ina ɗaga wa ɗan garuwa hannu ya juyo da kurarsa. Na san bohol ɗin da yake ɗebowa, na san tazarar da ke tsakaninsa da ramin masai na maƙwabta, shi ya sa ba ma sha sai mun tafasa. Tafasawar kuma gawayi take ci. Ilimina bai taɓa kawo mana ruwa gida ba, sai dai ya ƙara mana kuɗin gawayi.

Shekarar da aka cire tallafin mai ce ta gama tona mana asiri. Ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka, ya ce mai bohol ne ya ƙara, mai bohol ya ce janareta ne. Mai adaidaita sahu ya ƙara, mai gawayi ya ƙara, mai shinkafa ya ƙara. Har mai yankan farce a bakin tashar jirgin ƙasa ya ƙara, na tambaye shi ko almakashin nasa ma fetur yake sha. Kowa a garin nan yana da wanda zai ɗora wa ƙarinsa, in ban da mai albashi. An yi mana ɗan ƙari daga baya, amma kafin ya iso hannunmu kasuwa ta riga ta ji labari.

Ana cikin haka Alhaji ya aiko cewa kuɗin haya ya tashi, daga shekara mai zuwa. Ban ga laifinsa ba, kowa ma tashinsa yake yi. Amma na kwana biyu ba na jin ɗanɗanon abinci. Gidan nan shi ne ginshiƙin duk lissafinmu. Matata tana koyarwa a wata firamare da take zuwa da ƙafa, yara ma makarantarsu nan kusa. In muka tashi, ba za mu samu irinsa a cikin gari ba sai can bayan gari, inda kuɗin motar mutum huɗu kullum zai haɗiye abin da muka gudu a haya, ga kuɗin dillali, ga na kwasar kaya. Ko ta wane hali sai mun zauna a gidan nan.

Na sayar da babur ɗina. Na koma ina takawa zuwa tashar jirgi in hau adaidaita daga can, don ya fi araha da kaɗan. Sannan na ƙara kama aikin ranar Asabar. Ina da wani aboki Ibo a Sabon Gari, mai shagon sayar da injin bohol da bututu da tankuna. A nan aka haife shi, kakansa jirgin ƙasa ne ya kawo shi Kano, Hausarsa kuwa ta fi ta 'ya'yana gishiri. In wani ya zo zai haƙa bohol, sai ya ce masa, "Kada ka zuba kuɗinka a busasshen rami, bari malamin ruwa ya duba maka filin tukunna." In je in duba, in rubuta musu takarda. Duk Asabar da yamma in biya ta shagonsa ya miƙo mini ɗan abin da aka bari a ambulan. Da kuɗin babur da ambulan-ambulan ɗin nan na haɗa hayar cif, har da ƙarin, saura wata guda wa'adi ya cika.

A cikin watan ne Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye don a cire mata yanar ido. Ta yi mako uku a wurinmu. Inna mace ce da ba ta iya zama shiru ba, ido ɗaya a rufe da auduga bai hana ta shiga sashen Alhaji kullum da hantsi ta taya Hajiyarsa gyaran ganye da hira ba. Mu har daɗi muka ji, muka ce tsohuwa ta samu abokiyar zama.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na samu Alhaji a zaure, na gaishe shi, na ajiye ambulan a gabansa na ce ga hayar shekara mai zuwa. Bai taɓa ta ba. Ƙafarsa ma ya janye, kamar na ajiye masa garwashi.

Ya ce, "Malam, riƙe abinka. In wa'adinka ya cika ina bukatar sashen."

Na ce, "Alhaji, lafiya? Ai har da ƙarin a ciki."

Ya ce, "Lafiya lau. Ba maganar ƙari ba ce. Allah dai ya shirye mu baki ɗaya."

Na yi juyin duniya ya faɗa mini laifina, ya ƙi. Shekara tara muna gidan, ko cacar baki ba ta taɓa haɗa mu ba. Na koma ɗaki da ambulan a aljihu, na zauna ina tunanin ko yara ne suka yi wata ɓarna, ko matata ce suka saɓa da Hajiya. Matata ta rantse ko jiya sun gaisa, sai dai ta lura kwana biyu in ta aika musu da abinci kwanon yakan dawo a yadda ya je.

Telan bakin layinmu ne ya warware mini. Washegari ya tare ni, ya ja ni gefen shagonsa yana waige-waige, ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, keken ɗinki nake so in ƙara. In ka ba ni na wata uku, nawa kake ɗorawa?"

Na ce, "Ɗora me?"

Ya ce, "Haba yallaɓai, ai mu ba yara ba ne. Duk layi an sani. An ce kuɗin ruwa kake ci, har Sabon Gari kake da mutane."

Kuɗin ruwa, wato riba, wato ka ba mutum rance ka karɓa da ƙari, abin da kowane yaro ɗan Islamiyya ya san Allah ya haramta. Ni da na sayar da babur. Ni da takalmin ƙafata ya je wurin mai gyara sau uku a damina ɗaya. Na tambaye shi wa ya faɗa, ya ce ai daga gidan Alhaji maganar ta fito, kuma an ce daga bakin mahaifiyata aka ji, wa zai ƙaryata uwa a kan ɗanta?

Na shiga gida raina a ɓace na samu Inna a tsakar gida tana tsince wake da ido ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, don ko gobara ake yi sai an gaishe ta tukunna, sannan na ce, "Inna, me kika faɗa wa Hajiya game da aikina?"

Ta ce, "Me kuwa zan faɗa in ba gaskiya ba? Ta ce wai wane aiki kake yi takamaimai, su ba su gane ba. Na ce ai shi tun da ya gama boko kuɗin ruwa yake ci. Da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da mu, da shi aka yi mini aikin idon nan."

Na ce, "Sai ta ce me?"

"Sai ta dafe ƙirji ta ce, kuɗin ruwa, Inna? Na ce ƙwarai kuwa, na gwamnati daban, na Sabon Gari daban, duk Asabar sai ya je ya karɓo. Na ga ta yi shiru, na ce a raina hassada ce."

Na dafe kai. Na yi mata bayanin abin da Hajiya ta fahimta, da abin da Alhaji ya yanke. Ina tsammanin za ta yi salati ta ce ta yi kuskure. Inna ta ture tiren wake ta gyara zama.

Ta ce, "To ni ina ruwana da karkatacciyar fahimtarsu? Ubanka kuɗin gyaɗa ya ci, kawunka kuɗin fata ya ci. Kai aikin ruwa kake yi, kuɗin me kake so in ce kana ci, na ƙasa? Ni da na ce ruwa, ruwa nake nufi, wanda ake sha. Su 'yan birni komai sai sun sa masa wata ma'ana."

Matata ta shige ɗaki da sauri, na ji tana dariya a cikin filo. Ni ban ga abin dariya ba. Gida zai kufce mana saboda kalma biyu, kuma mai kalmomin tana zaune tana ganin ita aka zalunta. Ta ce za ta je ta gyara maganar da kanta. Na roƙe ta don Allah don Annabi ta bari, don na san Inna, in ta je gyarawa za ta dawo ta bar ni da laifin sayar da giya.

Abin da ya fi ƙona mini rai a makon nan shi ne yadda unguwa ta canza mini. Limamin masallacinmu ya yi nasiha kan riba bayan la'asar, bai kalle ni ba ko sau ɗaya, irin rashin kallon da ya fi kallo. Amma a waje, mutanen da shekara tara ba su san da ni ba suka fara tsayawa su gaishe ni hannu biyu. Mai shagon da nake sayen sabulu ya fara kirana Alhaji. Ɗan garuwa ya ƙara mini kuɗin jarka ni kaɗai. Wato duk shekarun da na yi ina shiga laka ina auna musu ruwa ban samu girman da na samu a mako ɗaya da aka ce ni azzalumi ne ba.

Ranar Asabar na je Sabon Gari na ba abokina labari. Ya yi dariya har ya zauna a kan wani tanki, ya kira matarsa a waya ya maimaita mata. Da ya huce ya ce, "To ai abin ba wuya. Ka ɗauki takardar albashinka ka kai masa. Duk wanda ya ga takardar nan ya san ba ka cin kuɗin kowa."

Na ce, "Takardar albashina ko matata sai da muka shekara biyu ta gan ta."

Ya ce, "Malam, gida kake so ko rufin asiri?"

Na ce duka biyun. Ya ce to in zaɓi ɗaya, shi dai zai rufe shago ya raka ni in ana bukatar shaida. Na ce ya zauna, in Alhaji ya gan mu tare cewa zai yi na zo da abokin harka.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane nauyin abin da abokina ya ce in yi ba. Mu ma'aikata duk rayuwarmu a kan ɓoye takardar nan take. Ka goge kaftani, ka ɗauki jaka, ka fita da sassafe, a ce malam ya tafi ofis. Ba wanda ya san a jakar akwai ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli. A nan ma ba zan rubuta adadin ba, har yau ban kai wannan matsayin ba.

Ranar Litinin na ɗauki takardun wata uku, da katin aiki, da hoton da aka ɗauke ni tsaye cikin kogi ruwa har gwiwa ina riƙe da sandar awo. Ban nemi Alhaji a gida ba, don a gida Hajiya na jin komai. Kantin Kwari na bi shi. Na kutsa ta cikin masu dakon diloli da masu adaidaita har na kai shagonsa, na tarar yana sallamar wasu mata da suka zo sarin atamfa daga Nijar. Na jira suka tafi. Ya ba ni kujera ba tare da fara'a ba.

Na ce, "Alhaji, na ji abin da aka ce. Inna ba ƙarya ta yi ba, amma ba abin da aka fahimta take nufi ba. Ruwan da nake ci kuɗinsa ruwan sama ne da na kogi. Ga shaida."

Ya sa tabarau ya fara da hoton. Ya duba katin. Na yi masa bayanin mutumin Sabon Gari da filayen bohol, ya gyaɗa kai. Sai ya zo kan takardar albashi. Ya karanta, ya juya bayanta ko akwai ci gaba, ya dawo gabanta, ya ɗauki ta biyun ya gwada da ta farkon.

Ya ce, "Malam, wannan na sati ne?"

Na ce, "Na wata ne, Alhaji."

"Da digirin naka biyu?"

"Da su."

Ya cire tabarau ya yi salati a hankali. Ya ce, "Astagfirullah. Na ɗauki alhakinka, ka yafe mini. Ni na ji tsoron kuɗin haram ya shiga cikin dukiyata ne, wallahi ba don ƙi ba." Na ce babu komai, ya wuce. Ya sake duba takardar, sannan ya ce, "To wannan hayar da ka kawo ranar Juma'a, a ina ka samo ta?" Na faɗa masa. Ya ce shi ya zaci babur ɗin na ajiye shi ne don zan sayi mota.

Na fito da ambulan na miƙa. Wannan karon ya karɓa. Ya rubuta mini rasit na shekara guda ya sa hannu, na ninke na sa a aljihun gaba. Na yi godiya, na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "Zauna tukunna."

Ya buɗe wata durowa daban, ba wadda ya sa kuɗina ba, ya ɗauko wani ƙunshin kuɗi da aka ɗaure da roba. Ya ce, "Azumi ya matso, na fara fitar da zakkar shagon nan. Da zan iya, da sai in ce na yafe maka ƙarin hayar in lissafa shi a ciki, ba sai ka ji komai ba. Amma na tambayi malamai tun tuni, sun ce ba a yin haka, zakka sai an damƙa wa mai ita a hannunsa. Kuma kai, bisa abin da na gani a takardar nan, ka cancanta."

Na ce, "Alhaji, ni ma'aikaci ne."

Ya ce, "Na gani ai. Shi ya sa."

Na san irin mutanen da suke zuwa ƙofar gidansa duk shekara gab da azumi, ta tagar falona nake ganinsu. Zawarawa masu marayu, da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu, da makafi. Sau nawa na wuce su da jakata ina ce musu Allah ya rufa asiri. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da Alhaji ba, don bai yi don ya wulaƙanta ni ba, fuskarsa ma kamar shi ne zai yi kuka. Na so in ce ya bai wa wanda ya fi ni bukata. Maganar ta zo har bakina. Amma kuɗin makarantar yara na zangon gaba yana nan yana jira, buhun masararmu ya kai ƙasa, kuma ba ni da wani babur ɗin da zan sayar.

Ya riƙe ƙunshin a tsakaninmu, bai ajiye a tebur ba, don sharaɗin shi ne hannu da hannu. Ya ce, "In Allah ya kai mu baɗi ma ba sai ka zo ba, zan sa sunanka a cikin na kowace shekara."

Na miƙa hannu biyu na karɓa, na ce Allah ya ƙara arziki, kamar yadda na ji suna faɗa.